Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin lafiya na jihohin arewa: allurar ciwon hanta ba ta jiran ranar Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu girma kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin lafiya matakin farko na jihohinmu na arewa, ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ya ɗawainiya da jama'a, Allah ya taya ku riƙo.

Ni malamar firamare ce, uwar yara huɗu, kuma ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Na daɗe ina ɓoyewa amma yanzu na daina. Ba da bakina kaɗai nake magana ba, muna da wani zaure a WhatsApp na mata masu wannan lalura da waɗanda mazajensu ke da ita, a nan muke tambayar juna inda gwaji ya fi sauƙi, mu tuna wa juna ranar komawa asibiti, mu yi wa juna ta'aziyya in ta kama, su ne suka ce malama ke da kika saba da alƙalami ki rubuta musu mana. To ga shi na rubuta, in na yi tsauri a wani wuri ku yi haƙuri, abin ne ya kai mu maƙura.

Tun farko bari in faɗi gaskiya, tsarin rigakafin da ke kan takarda ba shi da laifi ko kaɗan. Tun 2004 aka saka allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a Najeriya, a 2012 kuma aka shigo da penta wadda ta haɗa cuta biyar a allura ɗaya har da ciwon hantar a ciki. Jariri zai samu ta farko ranar da aka haife shi cikin awa 24, sannan penta a sati 6 da sati 10 da sati 14, kuma duk kyauta ne. Maganin yana da ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kammala yana samun kariya kusan ɗari bisa ɗari kuma tana kai shekara 20 ko fiye, wataƙila ma har ƙarshen rayuwa. Kukanmu a kan lokaci ne. Wannan allura da agogo take tafiya, mu kuma a asibitocinmu an mai da ita abin da ake yi idan an samu sarari.

Yayana ya rasu yana da shekara 38. Da farko rama ce da kasala, sai ido ya koma rawaya, muka ce shawara ce aka shiga jiƙe-jiƙe, daga baya ciki ya kumbura har riga ba ta rufe shi, wasu suka fara cewa sammu ne. Lokacin da muka kai shi babban asibiti likita ya ce kansar hanta ce kuma ta yi nisa, ya ce duk 'yan ɗakinku ku zo a gwada ku. Mu bakwai Hajiya ta haifa, huɗu aka samu da cutar, ita ma Hajiyar aka same ta da ita. Ba na manta ranar, tana zaune kan bencin asibiti riƙe da takardar da ba ta iya karantawa, ta ɗago ta kalle ni ta ce "ashe ni na ba ku". Wallahi har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba laifinta ba ne, zamanin da ta haife mu babu allurar a ƙasar nan, ita kanta ba ta san tana da komai ba. Amma yau akwai allurar, tana cikin firji a garuruwanmu, kuma har yanzu ana haihuwar yaran da za su zo su zauna a kan irin wannan benci nan da shekara talatin.

Na san ku masana ne amma tunda jama'a ma za su karanta bari in faɗi abin da likita ya fahimtar da ni. Idan babba ya kamu da ƙwayar nan yawanci jikinsa yana yaƙarta ya kore ta, waɗanda take zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa garkuwar jikinsa ba ta gama wayewa ba, ba ta ganin ƙwayar a matsayin baƙuwa, sai ta bar ta ta yi zamanta, shi ya sa kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a wajen haihuwa za su rayu da ita har mutuwa, tana cin hanta a hankali ba ciwo ba zazzaɓi sai ranar da ta bayyana. Ƙwayar tana shiga jikin jariri ne lokacin naƙuda ta jinin uwa da ruwan jikinta, kuma tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta kafu a hanta, to wannan ɗan tsakanin ne allurar farko take amfani da shi ta ta da sojojin jiki su riga ta. Kowace rana da ta wuce ƙarfin wannan kariya raguwa yake. Penta ta sati 6 tana da amfani sosai amma ba a yin ta ranar haihuwa, kuma in ƙwayar ta riga ta zauna babu abin da penta za ta iya yi.

To kokenmu na farko kenan kuma shi ne babba. A yawancin ƙananan asibitoci rigakafi rana ɗaya yake da ita a sati, wani wuri Talata wani wuri Alhamis, haihuwa kuwa ba ta san wannan ba. Autana na haife shi daren Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya a wani asibiti da ba zan kira suna ba, na riga na san ina da cutar, an rubuta a katin awona da jan biro. Ana gama gyara shi na ce wa nas ɗin da ke aikin dare don Allah a yi masa allurar hanta, ta ce min Maman yara ki yi haƙuri firjin yana ɗakin rigakafi, ɗakin a kulle, makullin yana hannun mai kula da shi kuma sai Litinin zai zo, ranar allura kuma Talata ce. Ba ta yi min wulaƙanci ba, ita ma na ga abin ya dame ta har ta kira lambarsa a gabana ba ta shiga. Tsakanin gadona da ƙofar ɗakin nan bai fi taku goma ba, ina kwance ina kallon kwaɗon. Gari na wayewa mijina ya hau mashin ya dinga bin asibitoci, sai bayan la'asar ya samu wani na kuɗi da suka ce suna da ita, muka naɗe jaririn a zani ni da ɗanyen jiki muka shiga adaidaita aka je aka yi masa yana da awa goma sha bakwai a duniya. Alhamdulillah da ya kai wata tara muka gwada shi ba ya ɗauke da ita. Amma ni na san abin da nake nema, mijina yana da mashin da ɗan kuɗi a aljihu. Matan da muka kwana ɗaki ɗaya da su duk an sallame su da cewa su dawo Talata, kuma ba wadda aka taɓa gwadawa a cikinsu balle a san wacce ke da ita.

Daga baya wata ma'aikaciya da ke cikin zaurenmu ta warware min dalilin da ya sa ake haka. Kwalbar BCG, wato allurar tarin fuka da ake yi wa jarirai, ta yara 20 ce kuma in an haɗa ta dole a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ake tara jarirai a yi musu rana ɗaya kada a yi asara. To sai allurar hanta ta biyo BCG a wannan jiran alhali ita ba haka take ba, kwalbarta in an buɗe ana iya ci gaba da amfani da ita har kwana 28 muddin an adana ta yadda ya kamata. Kenan babu wata asara da ake gujewa, sabo ne kawai. Sannan da yake an bar ƙofa cewa ana iya yin ta har sati biyu, ma'aikata da yawa sun ɗauka sati biyun ne ƙa'ida, yaron da aka yi wa a kwana na goma da wanda aka yi wa a awa ta goma duk layi ɗaya ake cike musu a rijista, rahoton da zai zo teburinku ya nuna an yi allura, ku kuma ku ga kamar komai lafiya.

Na biyu, mu fa yawancinmu a gida muke haihuwa, wannan kun fi ni sani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a duk Najeriya, a arewa maso yamma kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. Mace ta haihu a ɗakinta, ungozoma ta yanke cibi, a ɗora ruwan wanka, ba mai maganar fita da ɗanyen jariri sai bayan suna wasu ma sai an yi arba'in. Rana ta bakwai wanzami ya zo da zabirarsa ya yi aski, a wasu gidajen ya cire beli ya yi tsaga, da askar da ba mu san kan wa ta taɓa jiya ba, ita kuma ƙwayar nan tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7. Yaron da ko uwarsa ba ta da cutar ma yana cikin haɗari kenan in ba a riga an yi masa allura ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun ga yadda kuka yi da shan inna, gida gida aka bi, lungu lungu, ruga ruga, da alli ana rubutu a bango, masu unguwanni da hakimai da limamai duk suka shigo, mata masu wayar da kai suna zuwa har gidan suna, har aka kai 2020 aka ce nahiyar Afirka ta rabu da ita. Wannan hanyar ku kuka gina ta, me ya hana jaririn da aka haifa jiya ya amfana da ita? Na yarda ɗigo a baki daban allura daban, dole sai ma'aikacin lafiya, amma ai ana iya kiransa.

Na uku shi ne rashin kammalawa. Allurar ranar haihuwa ita kaɗai ba ta isa, kamar harsashin gini ce, sauran ukun su ne ke ɗora garkuwar su sa jiki ya riƙe ta shekaru. Wancan binciken na 2018 ya nuna rabin yaran ƙasar nan ne kawai suka samu penta ta uku. Mu mata mun san inda ake ɓacewa. Mai haihuwar fari ta tafi wankan gida wani gari, katin yana can ita tana nan, ta dawo ba ta san asibitin da za ta je ba. Wata ta kai yaro penta ta farko ya kwana yana zazzaɓi cinya ta kumbura, ba wanda ya gaya mata tun farko cewa hakan na faruwa kuma yana wucewa, maigida ya ce ba za a sake kai masa ɗa ba. Wata ta biya kuɗin mota ta je aka ce yau babu magani, ko ba a tara yara da yawa ba, ta koma gida ba ta sake dawowa ba. Wata kuma ta makara da wata biyu ta je aka yi mata faɗa a gaban mutane, ko a ce mata ai ya wuce lokaci. Alhali ƙa'idar a fili take, in an makara ba a sake farawa daga farko kuma ba a korar yaro, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, abin da ba a so shi ne a matse su kusa da juna ƙasa da sati huɗu don jiki na buƙatar wannan tazarar. Kuma abin da ban taɓa jin an yi amfani da shi a rediyo ba, sati 6 ai kwana 42 ne, kwana biyu kacal bayan arba'in, ranar da kowace mai jego ta sani ba sai an rubuta mata ba, ranar da take cin ado ta fita gaishe da dangi.

Na huɗu maganar manya ce, mu da aka haifa kafin 2004 kusan dukkanmu ba a yi mana ba. Wani binciken daban da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, ku duba ɗakin taro mai mutum ɗari ku ƙirga takwas. A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure har da ciwon hanta a ciki, wasu wuraren ma limamai da iyaye suna neman takardar ko babu doka, abu ne mai kyau mun yi murna. Amma bayan gwajin fa? Sai a samu ango da ita amarya babu, a ce mata je ki yi allura, ta je kemis ko wani ɗakin gwaji a yi mata guda ɗaya a karɓi kuɗi, sati biyu a ɗaura aure kowa ya ɗauka shikenan an kare ta. Allurar manya uku ce, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Bayan ta farko waɗanda jikinsu ke samun isasshiyar kariya ba su fi rabi ba, bayan ta biyu wajen kashi 75, sai an yi ta ukun ake haura 90. A zaurenmu akwai waɗanda suka yi ɗaya suka tsaya don ba wanda ya ba su kati ko ya faɗa musu akwai saura. Akwai kuma auren da aka fasa gaba ɗaya saboda tsoro, alhali da an yi bayani an kammala allura an tabbatar da gwaji ta kama, da sun zauna lafiya. Haka ma'aikatanku, masu shara a ɗakin haihuwa da ɗaliban jinya da ke tsintar allura da hannu, da yawansu da kuɗinsu suke nema in ma sun nema.

Sai awo. Ana gwada mai ciki ƙanjamau a kusan ko'ina, na hanta kuwa sai a ce ki je waje ki biya, yawanci ba sa zuwa. Ni sai a cikina na uku aka sani, shi ma saboda rasuwar yayana. Alhali in an gano da wuri kuma ƙwayar ta yi yawa a jini akwai maganin tenofovir da ake fara ba uwa daga sati 28 na ciki ya rage yawanta kafin haihuwa, maganin da yake nan a asibitocinmu tuntuni. Sannan maganar firji, kowa tsoron zafi yake amma wannan allura daskarewa ce ke kashe ta, in ta yi ƙanƙara ta lalace ko da ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta, a yi wa yaro a cike kati a banza.

Ba mafarki muke ba don wasu sun yi an gani. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, yara masu ɗauke da cutar suka sauko daga kusan 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, kansar hanta a yara ma ta ragu. Gambiya da ke nan yammacin Afirka tun 1986 ta fara. Amma a 2022 jarirai 18 cikin 100 ne kawai a yankin Afirka suka samu allurar ranar haihuwa, ga shi duniya ta sa 2030 a matsayin lokacin da ake so a kai 90.

Don haka ranku ya daɗe ga abin da muke roƙo, kuma yawancinsa umarni yake buƙata ba kuɗi ba. Ku fitar da takarda zuwa kowane asibitin da ake karɓar haihuwa, na gwamnati da na kuɗi, cewa allurar hanta ta koma ɗakin haihuwa, ungozomar da ta karɓi haihuwa ita za ta yi ta kafin uwa ta bar gado, dare ko rana, Asabar ko Lahadi ko ranar sallah, in babu firji a ɗakin a ajiye musu akwatin sanyi a miƙa shi tare da aiki kamar yadda ake miƙa sauran kaya. Ku raba ta da ranar BCG a fili a rubuce don kada ma'aikaci ya ji tsoron za a tuhume shi da buɗe kwalba saboda yaro ɗaya. A rijista a ware gurbin waɗanda aka yi wa cikin awa 24 daban, kuma wannan adadin ku dinga tambaya a taronku na wata wata, ba jimilla ba.

Ga masu haihuwa a gida, a ba kowace ungozoma da mai unguwa lambar ma'aikacin lafiyar yankinsu, a ba shi ɗan kuɗin mai, ana haihuwa a kira shi ya zo gida. Ku zauna da sarakunan aska ku roƙe su kada wanzami ya taɓa jariri sai ya ga kati, kuma kowane yaro da sabuwar reza, mutane ne masu jin magana in an girmama su. A sanarwar rediyo ku daina cewa "a kai yara rigakafi" kawai, ku faɗi lokacin, ranar haihuwa, bayan arba'in, sai wata ɗaya, sai wani watan, kuma a gaya wa iyaye maza don su ke ba da izini da kuɗin mota. Uwar da ta makara a karɓe ta da fara'a a ɗora mata daga inda ta tsaya, ko da katin daga wata jiha yake ko ya ɓata.

A saka gwajin hanta cikin awo kyauta, wadda aka samu da ita a yi wa katinta alama a nuna mata inda za ta haihu, a gwada ɗanta in ta kawo shi allurar ƙyanda a wata tara. Duk inda ake gwajin aure ya zama akwai allurar a wurin da farashi ɗaya sananne da kati mai ranaku uku, kada a bar mutum ya fita da takardar sakamako kawai. Ma'aikatan lafiya da ɗalibansu kuma a yi musu ukun cif kafin su fara taɓa jini.

Muna roƙon kafin 28 ga Yuli mai zuwa, ranar ciwon hanta ta duniya, maimakon tattaki da riguna kowannenku ya fito ya faɗa wa jama'ar jiharsa asibiti nawa ne a cikinta ke yin allurar nan da daddare da ƙarshen mako. Mu a shirye muke, in kuna buƙatar mata da za su tsaya a wajen awo ko gidan suna su yi bayani da bakinsu ku neme mu za mu zo. A zaurenmu yanzu haka mata uku ne ke da tsohon ciki, dukkansu suna ɗauke da cutar, ɗaya watan haihuwarta ya kama, kuma jiya da dare tambayar da ta turo ita ce wane asibiti za ta je in naƙuda ta zo mata ranar Juma'a.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku,
wata malama, a madadin matan zaurenmu